Autan Maƙwaƙƙwafan Afirka

A kurmin Bobiri na ƙasar Ghana, tafiyar da ba ta wuce awa ɗaya ba a mota daga Kumasi, akwai wata ƙara da ke ruɗar baƙi. Ƙwanƙwasa ce siririya mai sauri, ta tsaya, ta ci gaba, ta sake tsayawa. Wanda ya saba da maƙwaƙƙwafi sai ya ɗaga kai yana laluben manyan itatuwa, har wuyansa ya ƙage bai ga komai ba. 'Yan jagoran da suka san dajin kuwa cikin sarƙaƙiyar bakin hanya suke leƙawa, daidai tsayin mutum ko sama da haka kaɗan, inda igiyoyin daji suka nannaɗe ƙananan itatuwa. A can, a kan wani busasshen reshe ɗan siriri, mai ƙarar yake aikinsa.

Duk cikin maƙwaƙƙwafan nahiyar Afirka babu wanda ya kai shi ƙanƙanta. Daga baki zuwa bindi bai wuce santimita 9 zuwa 10 ba, nauyinsa kuma wajen giram 10 ne, wato goro ɗaya mai ɗan girma ya fi shi nauyi. A littattafan masana sunansa Verreauxia africana. Bayansa kore ne mai duhu, cikinsa ruwan toka, ƙafafunsa jajaye. Fatar da ta kewaye idonsa ba ta da gashi, ja ce ita ma, kuma akwai wani farin zane da ya ja daga bayan idon. Namiji yana da tabo ja-ja a goshi, mace ba ta da shi. Bindinsa gajere ne ƙwarai, har mai kallo daga nesa yakan ɗauka babu shi sam. Idan ya tashi, da sauri yake ficewa, kafin a daidaita madubin hangen nesa ya riga ya koma wani reshen.

Wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san maƙwaƙƙwafi na wani fasali dabam. Namu na arewa, mai kai ruwan toka da jan tabo a tsakar kan namiji, a jikin gawo ko tsamiya ake ganinsa. Yakan maƙale a tsaye, ya kama ɓawo da farata, ya dogare da bindi, yana hawa da ɗan tsalle-tsalle. Wannan bindin kayan aiki ne. Gashinsa tauri gare shi, bakinsa da tsini, shi ne ƙafa ta uku da ke riƙe tsuntsun idan ya ja kai baya zai kai sara. Manyan maƙwaƙƙwafai gashin bindi goma sha biyu gare su.

Autan kurmi takwas kawai yake da su, gajeru kuma masu laushi, ba sa iya tokare komai. Don haka zamansa ma dabam ne. Sau da yawa a gicciye yake sauka a kan reshe, irin saukar sauran ƙananan tsuntsaye. Yana iya rataya da kai ƙasa, ya zagaya tsinke, ya leƙa ƙarƙashinsa, duk da ƙarfin ƙafa kaɗai. Rashin bindi mai tauri ya hana shi aikin manyan itatuwa, amma ba shi da bukatar su. Abincinsa yana inda manya ba sa iya tsayawa. Maƙwaƙƙwafi mai giram 50 ko 60 idan ya sauka a kan siririn kara sai karan ya lanƙwashe, saran ya tafi a banza. Mai giram 10 kuwa karan bai ma san an hau shi ba.

Abin da ke cikin kara

A kurmi ba a rasa reshen da ke mutuwa. Iska ta karya wani, inuwa ta kashe wani, igiyar daji ta shaƙe wani. Ƙwari iri-iri suna bin irin waɗannan rassa suna sa ƙwai a jikinsu. Ƙwan ya ƙyanƙyashe, tsutsa ta huda ta shiga, ta yi makonni ko watanni tana cin itacen daga ciki, tana barin rami a bayanta. A cikin karare masu totuwa aikin ya fi mata sauƙi, domin cikin ba shi da tauri. Tsuntsayen da ke tsintar ƙwari a kan ganye ba su da yadda za su yi da ita. Tana da ƙiba da maiƙo, ga shi kuma tana ɓoye bayan bangon itace.

Waɗannan tsutsotsi su ne babban abincin auta. Yakan bi kara yana ɗan bubbugawa har ya kai inda ramin yake, sannan ya tsaya ya dage da sara a wuri guda. Ƙarar da ke fitowa ta fi ƙarfin jikinsa nesa ba kusa ba, musamman idan karan busasshe ne mai kogo. Da ya huda, sauran aikin na harshe ne.

Harshen maƙwaƙƙwafi abin al'ajabi ne da ya cancanci a tsaya a kansa. Ya fi bakin tsawo sosai, to ina ake ajiye shi? Harshen yana haɗe da wani siririn ƙashi mai lanƙwasa, wanda ya rabu biyu a ƙarƙashin muƙamuƙi, ya bi ta bayan ƙoƙon kai a ƙarƙashin fata, ya hau ta tsakar kai, ya gangaro wajen goshi. A wasu nau'o'in har cikin kafar hanci yake kaiwa. Idan tsokar da ke naɗe da ƙashin ta ɗaure, sai ƙashin ya zame gaba, harshen ya fito ya kutsa cikin ramin tsutsa yana bin lungunansa. Miyau mai danƙo yana taimakawa, kuma a yawancin nau'o'in bakin harshen yana da ƙananan ƙayoyi masu kallon baya da ke riƙe abin da aka taɓo. Tsutsar da ta ja da baya cikin raminta ba ta tsira ba.

Ba kullum yake kiwo shi kaɗai ba. Akan gan su biyu, ko uku, kuma wani lokaci suna shiga ayarin tsuntsaye iri dabam-dabam da ke ratsa kurmi tare. Irin wannan ayari sananne ne a dazuzzukan wurare masu zafi. Kowa da inda yake nema, wani a kan ganye, wani a ƙarƙashin ɓawo, wani yana cafke ƙwarin da sauran suka tayar, kuma idanu da yawa sun fi saurin hango shaho. Ga tsuntsun da ke dukufa da kai a jikin kara yana yin ƙarar da ke tona asirin inda yake, samun masu gadi a kusa ba ƙaramar riba ba ce.

Me ya sa kai ba ya juyawa?

Tambayar da kowa ke yi game da maƙwaƙƙwafi ke nan, yaro da babba. Wasu nau'o'in suna iya buga itace wajen sau 20 a cikin daƙiƙa ɗaya idan suna kiɗan shelar yankinsu, domin maƙwaƙƙwafai da yawa da bugu suke sanar da maƙwabta cewa wuri yana da mai shi, suke kuma kiran abokin aure. Mutum da zai gwada ko kusa da haka da ya suma.

An daɗe ana koyar da cewa akwai wani ƙashi mai laushi a gaban ƙoƙon kan tsuntsun da ke shanye bugun kafin ya kai ga ƙwaƙwalwa. Har masu ƙera hular kwano sun yi ta ambaton maƙwaƙƙwafi a matsayin abin koyi. A shekarar 2022 Sam Van Wassenbergh na Jami'ar Antwerp a ƙasar Beljiyam, tare da abokan aikinsa, suka buga sakamakon da ya rushe wannan bayani. Sun ɗauki hoton nau'o'i uku na maƙwaƙƙwafai da kyamara mai saurin gaske, suka bi motsin baki da na ido a daidai lokacin da bakin ya sami itace. Da akwai abin da ke shanye bugun, da an ga baki ya tsaya kafin kai. Abin da suka gani shi ne baki da kai tare suke tsayawa. Kan maƙwaƙƙwafi guduma ce mai tauri, kuma hakan ya yi daidai da hankali. Da kan yana shanye ƙarfin saran, da tsuntsun sai ya ƙara ƙarfi kafin ya huda itace, ya koma inda ya fito.

To me ke kare ƙwaƙwalwar? Tun a 2006 Lorna Gibson, injiniya a jami'ar MIT ta Amurka, ta kawo amsar da binciken da ya biyo baya ya ƙarfafa. Ƙanƙantar ƙwaƙwalwar ita ce babbar kariya. Idan kai ya tsaya farat ɗaya, ƙwaƙwalwa tana matsuwa a jikin ƙoƙon kai, kuma gwargwadon girmanta gwargwadon matsin. Ta ƙara da cewa bugun gajere ne ƙwarai, kuma yadda ƙwaƙwalwar tsuntsun ta kwanta ya sa faffaɗan gefenta ne ke fuskantar gaba, nauyin ya bazu. Lissafin Van Wassenbergh ya nuna cewa sai tsuntsayen sun ninka saurin bugunsu kafin su kai matakin da ke sumar da mutum.

Nau'o'in da aka yi wannan gwaji da su na Turai ne da Arewacin Amurka, kuma duk sun ninninka autan kurmi girma. Idan ƙanƙanta ce kariya, to shi ya fi su samun rabo. Sauran kariyar ƙanana ne amma masu amfani. Akwai wata fata ta uku a ido da ke rufewa daidai lokacin sara, ga kuma gashin da ke kare kafar hanci daga garin itace.

Dajin da ba a yi wa kallon daji

Idan aka ce kurmi, hankali yakan tafi ga dogayen itatuwa masu mita 40 ko 50, da duhun da rana ba ta ratsawa. A irin wannan wuri ƙasa kusan fili ce, mutum yana tafiya ba tare da adda ba, domin babu hasken da zai raya ƙananan tsirrai. Auta ya fi son inda rufin dajin ya yage. Inda babbar itaciya ta faɗi ta buɗe sarari, bakin rafi, gefen hanyar masu yankan katako, tsohuwar saura da daji ya fara cinyewa. Nan haske ke sauka, tsirrai su yi ta rige-rigen tashi, a sami cunkoson da ko kare ba ya ratsawa da sauƙi.

Daga cikin tsirran da ke mamaye irin waɗannan wurare a tsakiyar Afirka akwai dangi biyu da Bahaushe ya sani ta hanyar kasuwa ko da bai taɓa ganin inda suke fitowa ba. Ɗaya shi ne dangin fita, mai faffaɗan ganyen da ake naɗe goro da abinci da shi, ɗan'uwan ganyen da mutanen kudu ke dafa alale a ciki. Ɗayan kuma dangin citta ne. Citta mai 'ya'ya da ake sa wa kunu da yaji 'ya'yan wani tsiro ne na wannan dangi, mai dogayen karare da ke tashi a jere daga saiwa. Kararen waɗannan tsirrai suna mutuwa suna sabuntawa ba fasawa, ƙwari suna samun gida a cikinsu, auta kuma yana samun abinci.

Ba shi kaɗai ke cin moriyar wannan cunkoso ba. A dazuzzukan Gabon da Kwango, goggon biri yakan zauna a tsakiyar irin waɗannan tsirrai yana tsage karansu yana cin farin cikin, ya kuma tanƙwara su ya yi shimfiɗar kwana. Giwayen kurmi suna karya ƙananan itatuwa suna hana sararin rufewa da wuri. Babban namijin goggo yana iya kai kilo 150 ko fiye. Shi da tsuntsu mai giram 10 kara ɗaya suke fasawa, ɗaya don totuwa, ɗaya don tsutsar da ke cikinta.

Wannan ya sa ya kamata a sake duban abin da ake kira dajin banza. Mai yankan katako ba ya ganin kuɗi a sarƙaƙiya, mai gona yana ganinta aikin sassabe ne kawai, har masu kare daji ma sun daɗe suna fifita tsohon kurmin da gatari bai taɓa ba. Tsohon kurmi ba shi da madadi, wannan gaskiya ne. Amma akwai halittun da rayuwarsu ta rataya a kan tabon daji, inda yake warkewa, kuma wannan tsuntsu yana cikinsu.

Ɗaki a cikin reshe

Kamar sauran danginsa, auta da bakinsa yake sassaƙa ɗakinsa. Bambancin shi ne inda yake zaɓa. Siririn reshe ne ko ɗan ƙaramin kututture, wanda idan an gama fafe shi bangon da ya rage ba shi da kauri. Ƙofar 'yar mitsitsiya ce, daidai jikinsa. Ba ya kai ciyawa ko gashi ciki. Maƙwaƙƙwafai a kan ɓarɓashin itacen da ya zubo lokacin sassaƙa suke sa ƙwai.

Ƙwai biyu mace ke yi, farare tas. Farin ƙwai al'adar dangin ce baki ɗaya. Tsuntsun da ke sa ƙwai a fili yana bukatar ɗige-ɗige da launin ƙasa don ɓad da sawu, mai sawa a cikin kogo kuwa ba ya bukata, farin ma yana taimaka wa iyaye su ga ƙwan a cikin duhu. Uwa da uba suna karɓa-karɓar kwanci da ciyarwa. A dangin maƙwaƙƙwafi kwanci gajere ne, yawanci bai cika mako biyu ba, kuma uba ne ya saba kwana a kan ƙwai da dare. 'Ya'yan suna fitowa tsirara, idanu a rufe, da wani kauri na fata a dunduniya da suke dogarawa a kai don kada ƙasan ramin ya goge musu ƙafa. Kafin su yi gashi su fito sukan daɗe a ciki fiye da 'ya'yan tsuntsayen da ke sheƙa a fili, domin kogo ya fi tsaro, babu dalilin gaggawa.

Wani maƙwabcinsa a wannan kurmi, ƙaramin maƙwaƙƙwafi mai ɗige-ɗige a ƙirji da masana suka daɗe suna kira Campethera nivosa, ya samo wata dabarar. Sau da yawa a cikin gidan gara ko na tururuwa da ke manne a jikin itace yake haƙa ɗakinsa. Gidan ya fi itace sauƙin fafewa, masu gidan kuma sukan toshe ɓarakar da ke tsakaninsu da baƙon su ci gaba da harkarsu.

Kogo ba ya hana kowace masifa. Macizai suna hawa itace. Akwai kuma tsuntsun nan da ke yi wa masu neman zuma jagora zuwa amya, wanda shi da danginsa su ne 'yan'uwan maƙwaƙƙwafai mafi kusa. Ba sa yin sheƙa. Cikin kogon wasu tsuntsaye mace ke shiga ta ajiye ƙwanta, har da kogon maƙwaƙƙwafai, kuma ɗanta yana fitowa da ƙugiya a baki da yake kashe 'ya'yan masu gida da ita. Ƙofar da ta yi ƙanƙanta ƙwarai tana rage yawan masu iya shiga.

Dangi a nesa

Maƙwaƙƙwafai a duniya sun haura nau'i 200. Ana samun su kusan ko'ina da akwai itace, ban da Ostareliya, da Niyu Gini, da Niyu Zilan, da tsibirin Madagaska. Masu gajeren bindi irin auta wajen nau'i 30 ne, kuma mafi yawansu a Kudancin Amurka suke. Asiya tana da uku. Afirka duk faɗinta wannan ɗaya tak gare ta.

'Yan'uwansa na kusa ba a Afirka suke ba. Wasu ƙananan tsuntsaye biyu ne na dazuzzukan gora a Asiya, ɗaya daga gindin tsaunukan Himalaya zuwa kudancin Sin da Biyetnam, ɗaya a Malesiya da Sumatara da Borniyo. Su ma suna da jar fata kewaye da ido, su ma a kan siraran karare suke aiki, musamman gora, inda bugunsu ke amsawa da ƙarfi. Su yatsu uku gare su a kowace ƙafa, na Afirka yana da huɗu, ko da yake na huɗun siriri ne. Binciken ƙwayoyin gado ya nuna cewa sun rabu da juna tun miliyoyin shekaru da suka wuce. Hamada da teku da busassun ƙasashe ne ke tsakaninsu a yau, kuma tsuntsu ne da ba ya doguwar tafiya, don haka masana suna ɗaukar wannan zumunci a matsayin shaida cewa an yi zamanin da daji ya haɗa nahiyoyin biyu.

Akwai wani ɗan dangin da ke zuwa ƙasar Hausa da ƙafarsa, ko a ce da fiffikensa. Tsuntsu ne mai launin ɓawon itace da ke hayayyafa a Turai, ya tsallako Sahara ya yi hunturu a yankinmu yana cin tururuwa a ƙasa. Idan aka kama shi sai ya riƙa murɗa wuya yana huci don ya tsorata maƙiyi. Shi ba ya sassaƙa ɗaki, ramin da wani ya bari yake shiga.

Sunan da yake ɗauke da shi

A 1855 wasu 'yan'uwa biyu Faransawa, Jules da Edouard Verreaux, suka fara bayyana wannan tsuntsu ga masanan Turai, daga samfurin da aka kawo daga Gabon. Shekara guda bayan haka Gustav Hartlaub, likita kuma masanin tsuntsaye a birnin Bremen na Jamus, ya ware masa rukuni na kansa ya raɗa wa rukunin sunansu. Daga baya aka haɗa shi da 'yan'uwansa na Asiya, sannan a 'yan shekarun nan manyan jerin sunayen tsuntsaye suka mai da shi rukunin Hartlaub.

Gidan Verreaux a Faris babbar kasuwa ce ta fatun tsuntsaye da dabbobin da aka cusa wa kaya, suna sayar wa gidajen tarihi da attajirai. Tarihinsu yana da wani baƙin tabo da bai kamata a tsallake ba. Wajen 1830, a kudancin Afirka, an tone gawar wani Baƙar fata bayan an binne shi, 'yan Verreaux suka sarrafa ta yadda suke sarrafa dabba, suka kai ta Faris aka nuna wa jama'a. Daga baya gawar ta ƙare a wani gidan tarihi a garin Banyoles na ƙasar Sifen, ta shafe shekaru da yawa a cikin akwatin gilashi. Sai a 1991 wani likita ɗan asalin Haiti mai suna Alphonse Arcelin ya ɗaga murya, ƙasashen Afirka suka mara masa baya. A watan Oktoba na 2000 aka binne abin da ya rage na mutumin a Gaborone, babban birnin Botswana. Tsuntsun ba shi da laifi a wannan, amma duk ɗalibin Afirka da zai rubuta sunan a littafinsa ya dace ya san ko su wane ne masu shi.

Inda yake, da abin da ke jiransa

Cibiyar zamansa babban kurmin tsakiyar Afirka ne: kudancin Kamaru, Gabon, Ikwatoriyal Gini, Kwango biyu, kudancin Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya, da arewacin Angola. Ta gabas ya kai dajin Semuliki a yammacin Yuganda. An rubuta ganinsa a Najeriya ma. Sai kuma wani rukuni a can yamma, a Ghana da Kwaddibuwa da Laberiya, inda ganinsa ya fi wuya. Abin da ya raba rukunan biyu shi ne sararin da ya ratso daga arewa har bakin teku ta kudu maso gabashin Ghana da Togo da Binin, inda ruwan sama bai isa ya riƙe kurmi ba. Yawancin abin da aka sani game da rayuwar tsuntsayen wannan kurmi ya fito ne daga 'yan wurare kaɗan da masana suka zauna shekara da shekaru, kamar tashar bincike ta kusa da Makokou a arewa maso gabashin Gabon, inda André Brosset da Christian Érard suka tattara abin da suka wallafa a 1986.

Ƙungiyar IUCN, mai fitar da jerin halittun da ke cikin haɗari, ta sa shi a sahun waɗanda ba a fargabar ƙarewarsu yanzu. Ƙasarsa tana da faɗi, kuma yana jure dajin da aka taɓa. A nan ma ƙanƙanta ta yi masa rana. Maƙwaƙƙwafi mafi girma da aka sani, na tsaunukan Meziko mai tsawon kusan santimita 60, kowane aure guda yana bukatar makeken dajin tsofaffin itatuwa. Da aka sare su sai ya ɓace. Hoton ƙarshe da aka tabbatar nasa ne an ɗauke shi a jihar Durango a 1956.

Sai dai juriyar auta tana da iyaka. Noman gargajiya na kurmi, inda ake sassabe a noma shekara biyu ko uku a bar wurin ya huta shekaru masu yawa, yana samar da irin sarƙaƙiyar da yake so. Idan jama'a ta yi yawa aka daina barin saura ta huta, ko aka share wuri aka jera kwakwar manja ko roba ana feshe duk abin da ya tsiro a ƙarƙashinsu, to babu mataccen reshe, babu kara, babu tsutsa. Haƙar ma'adinai ta fi wannan muni, don ita har ƙasar take kwashewa. A Ghana an daɗe ana taƙaddama a kan kurmin tsaunin Atewa, mafarin kogunan Densu da Birim da Ayensu, wanda gwamnati ta so a haƙo ma'adinin alminiyam a cikinsa. A 2020 ƙungiyar A Rocha Ghana da wasu suka kai maganar kotu.

A Najeriya, kurmi mafi girma da ya saura yana jihar Kuros Riba, a gandun dajin ƙasa da aka kafa a 1991, mai sassa biyu, Oban da Okwangwo. Sashen Oban ya haɗe da gandun Korup na Kamaru. Tun 2015 cibiyar nazarin tsuntsaye ta A. P. Leventis da ke ƙarƙashin Jami'ar Jos take jagorantar aikin zana taswirar tsuntsayen Najeriya. An yanka ƙasar gida-gida, kowane gida wajen kilomita 9 tsawo da faɗi, kuma 'yan sa-kai, yawancinsu matasa da ɗalibai, suna shiga gida su yi aƙalla awa biyu suna rubuta duk tsuntsun da suka gani ko suka ji, su aika ta manhajar waya. Ƙungiyoyin masu kallon tsuntsaye sun kafu a jihohi da dama ta dalilin wannan aiki, har da na arewa. Da irin waɗannan jerin sunaye ake gane inda kowane tsuntsu yake da inda ya fara janyewa, kuma tsuntsu mai ɓuya a sarƙaƙiya irin wannan ba ya shiga jerin sai mai rubutun ya koyi bin ƙarar bugunsa zuwa ƙananan rassa.